Jinyar hawainiya a Manchesta: labarin 'Yar Yaman

Assalamu alaikum jama'a. Na san wasu daga ganin hawainiya a sama za su ce matar nan lafiyarta ƙalau kuwa, toh ƙalau nake alhamdulillah, ku dai daure ku karanta. Ni 'yar Zariya ce, aure da neman halak suka kawo ni Manchesta a Ingila, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, maigida kuma direba ne. Yaranmu uku, babban shine mai son dabbobi na fitar hankali, tun yana ƙarami ko kyankyaso ya gani sai ya tsuguna ya ƙare masa kallo.

Wata abokiyar aikina ce Baturiya za ta koma ƙasarsu gaba ɗaya, ta rasa yanda za ta yi da hawainiyar da ta saya wa ɗanta, shi yaron ma ya daɗe da daina kula ta. Da yake yarona ya taɓa ganinta a gidansu sai matar ta ce in muna so mu ɗauka kyauta, da akwatin gilashin da fitilun da komai. Ni kam na ce a'a, maigida ya ce a'a da babbar murya, yaro ya kwana kuka ya tashi kuka, ƙarshe dai kun san yanda ake ƙarewa da yara. Aka kawo ta falo. Irin ta ƙasar Yaman ce da kudancin Saudiyya, mai wani tozo a ka kamar hula, ita ce irin da aka fi kiwo a gidajen Turawa. Shi yasa yara suka sa mata 'Yar Yaman. Mace ce, ana ganewa ne ta ƙafar baya, namiji yana da wani ɗan tsiro a dunduniya, mace ba ta da shi.

Da Hajiyarmu ta ji labari a waya sai da ta yi salati ta sanar da Ubangiji. Ta ce ke yanzu duk dabbobin duniya ki rasa abin da za ki ajiye a ɗakin aurenki sai hawainiya? Mu da muka tashi in an ganta a kan darbejiya yara jifa suke manya suna kaucewa, ana cewa in ta cije ka ba ta saki, in ta tofa maka yawu kaza zai same ka. Na ce Hajiya wannan ko ƙuda sai ta yi shawara da kanta kafin ta kama shi. Ta ce Allah ya kyauta, ta kashe wayarta.

Matsalar hawainiya ita ce dama can a hankali take komai, ta ɗaga ƙafa ta tsaya tana lilo gaba baya kafin ta ajiye, toh in ba ta da lafiya ta yaya za ka gane? Wanda bai san ta ba zai ce ai halinta ne. Abu na farko da yarona ya lura da shi harshe ne. Ya kalli bidiyo da yawa ya ga yanda suke harbo harshe daga nesa, tsawonsa har ya kusa ninka jikinsu biyu, amma tamu sai ta matso dab da gyare, ta turo harshen ɗan kaɗan ya faɗi gefe, wani lokacin ma sai dai ta kai baki ta ɗauka kamar ƙadangare. Ya ce Umma tamu ba ta iya ba. Na ce ƙila baƙunta ce.

Sai faɗuwa ta biyo baya. Muna zaune sai ka ji tim, ta faɗo daga reshe tana ƙasan akwati tana juye-juye. Anan ne aikina ya yi min rana, dan a gidan tsofaffi abu na farko da ake koya mana shine faɗuwa ba ta zuwa haka siddan, in tsohuwa ta fara faɗuwa akwai abin da ke ƙarƙashi, kuma ba a jira ta uku. Na sa hannu ta hau, wallahi riƙon da ta yi min ba ƙarfi ko kaɗan, hannun nata har rawa yake. Na ƙura wa ƙafafun gaba ido sai naga tsakanin gwiwa da tafin hannu akwai wata lanƙwasa, kamar tana da gwiwa biyu a hannu ɗaya. Na buɗe hoton lafiyayya a waya na haɗa, tata madaidaiciya ce sambal, gwiwa ɗaya mai kaifi. Tamu kuma cikinta ma jan reshe yake in tana tafiya, ba ta iya ɗaga jikinta sama, wani lokacin ta kama ƙafarta da ɗaya ƙafar ta rikice ta rasa yanda za ta saki. Bakin ma ba ya rufuwa daidai, leɓen ƙasa ya ɗan saki.

Asibitin dabbobi na unguwarmu suka ce su karnuka da kyanwoyi da zomaye suka sani, amma sun kyauta sun ba mu lambar wani wuri da ke da likitar da ta karanci masu jan ciki. Wannan ku riƙe shi, ba kowane likitan dabbobi ne ya san ƙadangaru ba, ku tambaya tun a waya kar ku ɓata kuɗin mota. Muka sa ta a ɗan kwali mai huji da tawul a ƙasa da sanda ɗaya ta riƙe, muka naɗe gorar ruwan ɗumi a gefe saboda sanyi ake zubawa lokacin.

Likitar mace ce mai haƙuri. Kafin ma ta taɓa ta sai da ta yi ta jero tambayoyi, wace irin fitila, yaushe aka sa ta, a ina take zaune, me take ci, me abin da take cin yake ci, ana barbaɗa hoda ko ba a yi. Allah ya taimaka na ɗauki hoton akwatin. Tana gani ta girgiza kai. Sannan ta sa yatsa ta ɗan matsa muƙamuƙin a hankali, ta ce in taɓa. Jama'a ƙashin baki ne amma yana lotsawa kamar danƙo. Jikina sai da ya yi sanyi.

Aka yi mata hoton eksire aka ɗebi jini ɗan mitsitsi. A hoton ƙasusuwan sun yi dishi-dishi, da ƙyar kake bambance su da tsoka, ga tsohuwar karaya a hannu ɗaya da ta haɗe a karkace, ga sabuwa a ƙafar baya. Wato baiwar Allah nan da karaya take hawa reshe ba wanda ya sani, tunda ba ta kuka ba ta ƙara. Sunan ciwon a taƙaice MBD, ni dai ciwon laushin ƙashi nake ce masa, kuma likitar ta ce yana cikin abubuwan da suka fi kawo mata ƙadangarun gida.

Yanda ta yi min bayani, jiki yana buƙatar kalsiyam a cikin jini kullum, ba dan ƙashi kaɗai ba, tsoka ba ta motsi sai da shi, jijiya haka, zuciya haka. In ya yi ƙasa a jini akwai wasu 'yan ƙananan halittu a wuya da ke sakin sinadarin da zai je ya kwaso kalsiyam daga ƙashi ya zuba a jini dan rai ya ci gaba. Yau a ɗiba gobe a ɗiba ba a mayarwa, a haka ƙashi ke zama fanko ya fara lanƙwasa ƙarƙashin nauyin jiki. Harshen ma dalilinsa kenan, akwai ƙashi a gindinsa da yake harbuwa daga kai, ga tsokar da ke harba shi ita ma kalsiyam take jira.

Toh me ya hana ta samun kalsiyam ɗin? Abu biyu suka haɗu. Na farko abinci. Gyare da fara da tsutsar da ake sayarwa a shago fosfaros ya fi yawa a jikinsu, kalsiyam kaɗan ne, alhali ita tana son kalsiyam ya ninka fosfaros sau biyu a abin da take ci. A daji tana cin ƙwari iri-iri da suka ci ganye iri-iri, a akwati kuma gyare ne da ya kwana a roba bai ci komai ba sai kwali. Na biyu kuma, wanda ya fi ba ni mamaki, haske. Ko ka cika mata ciki da kalsiyam hanji ba zai tsotse shi ba sai da bitamin D3, ita kuma fatarta ce ke haɗa shi in wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kanta. Wannan hasken ba ya ratsa gilashi. Ku sake karantawa, ba ya ratsa gilashi. Tsohuwar mai ita ta ajiye akwatin a bakin taga tana ganin ai tana shan rana, ga fitilar UVB ɗin ma a kan murfin gilashi aka ɗora ta, ga shi tun da aka saya ba a taɓa canza ƙwan ba. Shi kuma ƙwan nan munafuki ne, zai ci gaba da haske fes a idonka alhali UVB ɗin ya daɗe da raguwa, shi yasa ake canza shi duk wata 6 zuwa 12, ya danganta da irinsa, ko bai mutu ba. Ban ga laifin matar sosai ba, abin da aka haɗa mata a shago ta ɗauka, ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata.

Ina jin bayanin nan ina tuna kaina, dan ni ma shekarar farko da na zo ƙasar nan ciwon ƙafa da gajiya suka dame ni, aka auna jini aka ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa. A nan hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar shan maikrogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, mu masu baƙar fata da masu rufe jiki kuma har duk shekara. Garin da a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ina dabbar da aka halitta dan duwatsun Yaman za ta ga abin da take buƙata? A gida kuma matsalar ta wani gefen take zuwa, ga rana har ta yi yawa amma yara na yin gwame da bakan ƙafa, binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yawancin yaran nan kalsiyam ne babu a abincinsu, da aka ba su ƙafafu suka fara warkewa. Tamu hawainiyar duka biyun ta rasa.

A ranar aka yi mata allurar kalsiyam, aka ba mu na ruwa da za mu dinga ɗiga mata a baki da ɗan sirinji marar allura, daidai nauyinta aka auna, da maganin rage zafi. Likitar ta ja min kunne sosai kan abu biyu. Kar in kuskura in buɗe bakin da ƙarfi, muƙamuƙin zai iya karyewa a hannuna, in jira sai ta buɗe da kanta tana huci ko tana tauna sannan in ɗiga kaɗan a gaba-gaba, dan in ya wuce ta hanyar iska ya shiga huhu wata sabuwar masifa ce. Na biyu kar in ce tunda D3 ne ya yi ƙaranci bari in yi ta antaya mata, shi wannan yana taruwa a jiki, in ya yi yawa kalsiyam zai je ya daskare a ƙoda da jijiyoyin jini, ka kashe ta da hannunka kana ganin taimako kake. Na fitila ya fi aminci dan fata tana tsayawa da kanta in ya isa.

Maganar kuɗi kam ba daɗi, dabba ba ta da asibitin gwamnati na kyauta a nan. Da maigida ya ga takardar sai da ya zauna. Ya ce Umman yara wannan kuɗin fa a Zariya rago ne da canji, hawainiyarki ta kiyayi ramata. Na yi dariya duk da raina a jagule yake. Amma shi da kansa da daddare ya ce tunda mun karɓe ta mun kulle ta amana ce, ya tuna min hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Dokar ƙasar ma ta 2006 kan walwalar dabbobi haka ta ce, wanda dabba ke hannunsa shi ke da alhakin abincinta da muhallinta da kai ta magani. Washegari shi ya je ya sayo sabuwar fitila.

Muka ajiye akwatin gilashi gefe muka samo keji na raga. Da farko ma ba dogo muka sa ta ba, likita ta ce a yi mata ɗakin jinya, rassa ƙasa-ƙasa a kwance, tawul mai kauri a shimfiɗe, yanda ko ta faɗo ba nisa. Fitilar UVB doguwa irin ta T5 mai kashi 6 cikin ɗari, a saman raga ba gilashi ba roba a tsakani, tazarar santimita 20 zuwa 30 daga reshen da take kwanciya, awa 12 a kunne awa 12 a kashe, da daddare duhu ɗum ba wata jar fitila. Kusa da ita ƙwan ɗumi, wajen ya kai digiri 27 zuwa 29, dan in jikinta bai ɗumama ba abinci ba ya narkewa balle magani ya yi aiki. Ruwa kuma ba ta sha a kwano ko za ta mutu da ƙishi, sai an fesa a ganye safe da yamma tana lasa, ko a sa abin da ke ɗiga a hankali.

Sai kiwon ƙwari, wanda ban taɓa zaton zan yi a rayuwata ba. Ashe sai ka ciyar da gyaren kafin ka ciyar da ita, abin da ke cikinsa shi take ci. Na dinga ba su karas da kabewa da dankalin Hausa da ganyaye masu duhu, har garin zogalen da Hajiya ta aiko min na miya na dinga ɗibar musu dan yana da kalsiyam sosai (ba ta sani ba har yau, dan Allah kar wanda ya faɗa mata). Alayyahon Turawa aka ce in rage, yana da sinadarin da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana. Kafin a ba ta sai a jefa ƙwarin a leda da 'yar hodar kalsiyam zalla a girgiza, sama-sama kawai ba wai su yi fari fat ba, kusan duk ciyarwa. Mai D3 da mai haɗin bitamin kuma kamar sau biyu a wata. Akwai wata tsutsar baƙin ƙuda da ake sayarwa, ita dama can tana da kalsiyam a jikinta kuma tana da laushi, ita ta fi yi mana amfani lokacin da bakin ba ya iya tauna mai tauri. A ɗan kofi muke sa mata kusa da baki tunda harshe ba ya zuwa.

Makonnin farko ba daɗi gaskiya. Ta yi duhu, ta ƙi ci, wani lokacin da rana ido a rufe, kuma an gaya min hawainiya ta rufe ido da rana ba barci ba ne, alamar wahala ce. In na dawo aikin dare kafin in cire takalmi sai na leƙa in ga ko tana numfashi. Yarona ya rame shi ma. Na hana kowa ɗaukarta, ko ƙannensa in sun kawo ƙawaye kallo daga nesa, dan su ba dabbar wasa ba ne, ɗauka ma kanta damuwa ce a wajensu balle mai karaya.

Wani tashin hankalin kuma ƙwai. Ni ban san mace tana yin ƙwai ko ba namiji ba, irin na kaza, sai a hoton eksire aka nuna min su jere a cikinta. Irin ta Yaman tana iya zuba ƙwai 20 har zuwa 70 a lokaci ɗaya, kowane ɓawo kuma daga kalsiyam ɗin jikinta ake gina shi, shi yasa ciwon ya fi kayar da mata da kuma ƙanana masu girma da sauri. Abin tsoron shine in ba ƙarfin naƙuda ƙwan ya maƙale, daga nan sai tiyata ko mutuwa. Aka ce mu sa mata bokiti da yashi mai danshi zurfin kamar santimita 30, yanda in ta haƙa rami ba zai rufta ba, mu rufe kejin da zani kar ta ga ido, dan in ta ga ana kallonta sai ta fasa ta riƙe ƙwan. Ranar da ta shiga haƙa da waɗannan karkatattun hannayen gidan nan ko tari ba a yi. Ta zuba, ta binne, ta fito duk ta yamutse ta yi baƙi da ƙasa. Muka fesa mata ruwa ta sha ta sha. Maigida da ya ce ba ruwansa shi ya fara cewa alhamdulillah.

Daga nan ne abubuwa suka fara juyowa, a hankali dai irin nata. Riƙo ya fara ƙarfi har ka ji farcen a fata, rawar hannu ta tafi, launin kore ya dawo. Wata rana yarona ya ƙwala min kira daga falo har na tsorata, ashe fara ta harbo daga nesa ta kama. Da muka koma aka sake hoto ƙasusuwan sun fito fari sosai, muƙamuƙi ya yi tauri, aka ce mu daina na ruwa mu ci gaba da hoda. Muka ɗaga mata rassa kaɗan-kaɗan har ta koma dogon keji.

Amma kar in yi muku ƙarya, hannun da ya lanƙwashe bai miƙe ba kuma ba zai miƙe ba, ƙashin ya yi ƙarfi ne a yanda ciwo ya bar shi. Tozon kanta ma ya ɗan karkace, bakin akwai 'yar tazara. Shi yasa nake jin haushi in naga mutum ya sa hoton tasa ƙafa duk ta murɗe yana tambaya wai ko ya jira sati biyu ya gani. Jira me? Duk kwanan da aka ƙara wani abu ne ke lanƙwashewa da ba zai dawo ba, kuma hoda kaɗai ba ta isa ba in an kai wannan matakin, sai likita.

Wani ɗan yayata a Zariya da ya ga hotonta ya ce shi ma zai kamo ta daji ya sa a kwali a ɗakinsa. Na ce kul. Ta can Najeriya wani iri ne daban amma buƙatar ɗaya ce, in ka kulle ta a ɗaki kana jefa mata ƙuda abin da ya sami wannan zai same ta, ga rana kyauta a tsakar gida ka hana ta. Ka bar ta a bishiyarta tana rage muku ƙwari.

Yanzu in bazarar nan tasu ta zo aka samu ranar kirki muna fitar da ita bayan gida a kejin raga, rabi rana rabi inuwa, ba a taɓa fitar da ita a akwatin gilashi dan zafi zai dafa ta, kuma mutum na zaune a wajen saboda kyanwoyin maƙwabta. Likita ta ce mu rage mata abinci, kwana ɗaya a ba ta kwana ɗaya a huta, kar ɗumin ma ya wuce ƙima, hakan na rage yawan ƙwan da za ta ɗauka. Wannan ne rigimar da muke yi da yarona a yanzu, shi gani yake yunwa nake bar mata, sai na juya baya ya jefa mata fara. Hajiya kuma in mun yi waya ta gama tambayar yara ɗaya bayan ɗaya sai ta ce ya mai jikin, wannan abar taku, ta dai warke ko?